Kibiyoyin Hadiza a Gaɓar Watari

Zakirai zuwa Kano

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame asuba, muka bar Zakirai a akori-kurar Ɗanlami direba. Dashen tumatir zan ɗauko a fadamar Watari, don nawa ya ƙone tun a wurin reno, kuma abin da zan ci da iyali bana yana kan wannan dashe. 'Yata Hadiza, mai koyar da kimiyyar fizik a sakandaren 'yan mata, ta ce za ta raka ni tunda hutu ake. Tun daga Gezawa Ɗanlami ya fara tsokana, wai me boko zai tsinana a fadama. Na shanye, amma raina ya ɓaci.

Shida da rabi muka shiga Kano ta Yankaba. Mun karya da ƙosai da kunu a Dawanau. A shingen jami'an tsaro aka duba takardun mota, ba a ɓata mana lokaci ba.

Watari

Tara saura muka isa. Ɗanlami ya duba mita ya ce mun haura kilomita ɗari. Hadiza ta ce wannan tsawon hanya ne kawai. Da za a ja layi daga ƙofar gidanmu zuwa nan, bai kai haka ba, kuma sai an faɗi cewa yamma ya nufa. Abin da ke da adadi kuma yake da inda ya dosa, shi suke kira bekta. Ɗanlami ya yi dariya har da dukan sitiyari.

Malam Sule mai renon dashe ya loda mana kwando goma sha biyu, ya ce kada mu yarda ranar azahar ta same su a tsaye. Sha ɗaya daidai, wajen fita, tayoyin baya suka nutse a taɓo.

Manoma suka taho, Allah ya saka musu. Aka ɗaura igiya biyu a gaban mota. To, gaban motar taɓo ne, gefe da gefe kuma fangalin albasar mutane, kuma a can ba a taka shukar wani ko da me. Sai shida suka hau kunyar dama, shida ta hagu, suka ware kamar ƙahon sa. Awa guda ana ja ana salati, mota ko gezau. Na leƙa kwandunan, ganye ya fara langaɓewa.

Hadiza ta tsuguna gaban Malam Sule, ta zana kibiya biyu a ƙasa da tsinke.

"Baba, ƙarfinku ya isa," ta ce. "Amma waɗannan suna ja dama, waɗancan hagu, rabin ƙarfin yana kashe rabi. Ɗan abin da ya rage ne ke jan mota gaba."

Ta ce a ƙulla wa kowace igiya ƙari, a tsallake taɓon zuwa busasshiyar hanya, duk su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Wani ya yi ƙunƙuni cewa mace za ta koya musu ja. Malam Sule ya ce masa ya kawo igiyar rijiyarsa ya rufe baki.

Mutum goma sha biyun nan dai, ba a ƙara ko ɗaya ba. Ja na biyu mota ta fito tana tsiyayar laka.

Komawa gida

Sha biyu da rabi muka kama hanya, mun lulluɓe kwandunan da jiƙaƙƙen buhu. Azahar a Dawanau, huɗu saura muna Zakirai. Kafin magariba an dasa fiye da rabi, sauran da sassafe, kuma kwando ɗaya kawai ya lalace.

Muna sauke kaya Ɗanlami ya matso yana sosa ƙeya, ya tambayi Hadiza ko akwai gurbi a makarantarsu, don 'yarsa ta gama firamare. Ni na riga ta amsawa, na ce ya zo gida gobe ya tambayi Malama da kyau. Alhamdulillahi da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Mutanen Watari, na gode.