Ummi Maigida, 'Yar Shekara Huɗu

A Mallawa in ka ce Yalwa, sai a tambaye ka wacce. In ka ce Yalwa ungozoma, ko akuya sai ta nuna maka gidan. Shekara talatin da ɗoriya tana yankan cibiya, ko bihim ba ta sani ba a takarda, amma tambaye ta wa ta haifi wa, a wace damina, sunan wa aka mayar, sai ta zazzage maka. Ga faɗa kuma, kamar ta ari baki.

Da aka kawo na'ura gidan likita, aka ce daga yanzu likitocin nan da na tsallaken iyaka za su riƙa aika wa juna bayanin marasa lafiya, taɓe baki ta yi. Ita da ta saba a ba direban kasuwa takarda, ta yi mako a aljihunsa, ta iso duk manja a jiki? "Mu gani a ƙasa," ta ce, "an ce da kare ana biki a gidansu."

Wata Asabar da hantsi Hamissou, majo, wato babban ma'aikacin gidan likitar, ya aika a kira ta maza. Saƙo ne ya shigo daga wani asibitin Najeriya. Ran Alhamis kare ya ciji wata yarinyar yankin Mallawa a can, an yi mata allura ɗaya, uwar ta goya ta ta wuce. Yanzu an tabbatar karen mahaukaci ne. Allura ta biyu gobe ce, kuma in ciwon nan ya hau kai, sai dai likkafani.

"To uwar me ake jira?" in ji Yalwa.

"Sunan ne, Inna. Ummi Maigida, shekara huɗu. Na duba na'ura, na duba karne, littafin rajistar nan, babu mai wannan suna."

"Kai da karatunka, ɗan nan! Wace mai kunya ce za ta faɗi sunan mijinta gaban baƙo? Sunkuyar da kai ta yi, mai rubutu ya gaji ya sa Maigida. Ummin ma ba suna ba ne. 'Yar fari ce, sunan uwar miji aka mayar, ta ina za ta iya faɗa?"

Ta zauna bakin daɓe tana lanƙwasa yatsu. A waccan shekarar 'yan fari mata biyar ta karɓa. Uku ne masu sunan kaka. Masu dangi a tsallake, biyu.

Gidan farko da kabu-kabu ya kai ta, ta tarar da yarinya garau tana wasan ƙasa, ko ƙwarzane babu. Rana ta take, saura gida ɗaya, can wani ƙauye ta hanyar Yekuwa, in kuwa ba shi ba ne ba ta san inda za ta nufa ba. Tsoro ta ji, tsoro na gaske. Babur na nutsewa a rairayi, tana dukan bayan mai tuƙi tana salati.

A gida na biyun, Altine matar Laminu na tsakar gida tana surfe. Yalwa ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ɗage zanen yarinyar. Ga tsumma ɗaure a ƙwauri.

"Ke Altine! Kare ya ciji 'ya, ki naɗe da tsumma ki yi gum?"

Altine ta saki taɓarya ta fashe da kuka. Ashe maigidan ya ce kada a tafi da yarinyar biki tsallake, ita ta matsa, shi ya sa ta ɓoye. Ta ɗauka kuma allura ɗaya ta gama aiki. Laminu da ya dawo daga gona ya buɗe baki zai yi faɗa, Yalwa ta ce ya adana shi sai 'yarsa ta warke. Sai ya ɗaura wa bijiminsa amalanke, suka nufi gidan likita.

Washegari da safe majo ya yi allurar, wadda ya sa aka kawo daga Dungas. Ya ɗauki na'ura ya ce, "Sunan gaskiya fa?" Altine ta sake sunkuyar da kai.

"Hinda Laminu," in ji Yalwa. "Rubuta da kyau, ni na yanke mata cibiya."

Ya rubuta an same ta, ya aika. Kafin Hinda ta gama kukan allura amsa ta dawo daga ma'aikaciyar asibitin can da ta aiko saƙon. Majo ya karanta a fili: "Alhamdu lillahi. Wallahi tun jiya abinci ya ƙi shiga bakina."

Yalwa ta share ido da bakin mayafi.

"Majo, ce mata Yalwa ta Mallawa na gaishe ta. Ce mata yarinya na nan tana tsala ihu, ta je ta ci abinci."