Abin da Na Yi da Takardun Hamisu

Shekara bakwai ke nan cif da aka kawo mana gawar ƙanena Hamisu a bayan a-kori-kura. 'Yan bindiga ne suka tare shi tsakanin Wagini da Batsari da rana tsaka, suka harbe shi, suka tafi da babur ɗinsa da jakar da ke rataye a kafaɗarsa. Ni ba marubuci ba ne. Mahauci ne, tsire nake sayarwa a bakin kasuwar Safana, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, bana na ga gara in faɗe ta kowa ya ji.

Hamisu malamin Turanci ne a sakandare. Ya yi digiri na farko da na biyu a kan adabin Ingilishi, ya shiga na uku, wanda idan an gama ake ce wa mutum dokta. Shekara takwas yana fama da shi. Yau jami'a tana yajin aiki, gobe malamin da ke duba masa aikin ya yi tafiya, jibi a ce babin da ya kai ya ɓata, ya sake bugo wani. Haka yake ta zirga-zirga ba ya ƙorafi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Hamisu dai ya dafa, romon ne bai sha ba. Ranar da aka kashe shi, gyara na ƙarshe zai kai, kuma kwamfutar da aikin yake ciki tana cikin jakar nan.

A gari tun kafin a ba shi dokta mutane suka ba shi, amma ta tsokana. In ya zo wucewa sai a ce ga Dokta nan, a kawo masa akuya mai zawo ya duba. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya gaishe su. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne abin da yake bincike a kai. Wata rana a rumfata ya yi mini bayani cewa akwai zamanin da aka kori manoman Ingila daga gonakinsu, ƙauyuka suka zama kufai, mutanen suka kwarara birni suna kwana a rakuɓe, kuma marubutansu sun sa wannan a waƙoƙi da labarai. Shi yana bin yadda suka rubuta ne, yana gwadawa da namu. Na gyaɗa kai na miƙa masa tsire. Yana tafiya na juya na ce wa abokan zamana, mutum da hankalinsa da iyalinsa ya zauna yana jimamin ƙauyen Bature, ina amfanin wannan karatu? Ba sau ɗaya na faɗa ba, ba sau goma ba. A gaban idonsa dai ban taɓa faɗa ba, don ina jin nauyinsa ko da yake ni ne babba.

To yau ina ma ya dawo ya ga ƙauyenmu. Rabin gidajen babu kowa, ciyawa ta fito a tsakar gida. Gonar mahaifinmu ta yi damina uku ba a sa mata fartanya ba. Waɗanda suka yi masa dariya, da yawansu sun kwashe yara sun koma Batsari da Katsina suna raɓe a kangon mutane. Da yana nan na san ba zai ce ai na faɗa muku ba, ba halinsa ba ne. Zai ɗauki biro ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Mu kuwa da muka rage, abin yana cinmu amma ba mu iya faɗinsa yadda wani zai ji ba.

Yanzu ga laifina. Bayan addu'ar arba'in muka yanke shawarar kwaso matarsa da yaransa zuwa Safana, ni aka sa in kwashe ɗakinsa. Kowa ya san yadda muke yi da takarda. Mai rubutun Arabiyya ba a barinta a ƙasa, ko guntuwa ce sai a ɗauka a soke a jikin danga. Ta boko kuwa takarda ce kawai. Haka na raba kayan. Alƙur'aninsa da littattafan addini na naɗe su a kyalle mai tsabta na sa a saman kaya. Littattafan Turanci masu bango na kai makarantar da yake koyarwa. Sai wani tulin farar takarda da aka ɗaure da igiya, duk an bi ta da jan biro. Na ga an yi mata zane-zane, na ɗauka lalatacciya ce wadda aka gama da ita. Na sa a buhu na kai rumfa.

Wata biyu ina naɗe tsire da ita. Takarda ce mai kauri, ba ta saurin jiƙewa da mai, har yaba ta nake yi. Wata rana bayan la'asar na zaro ɗaya zan naɗe wa wani direba nama, sai idona ya faɗa kan sunana, Salisu, a tsakiyar shafin, layi biyu kacal. Na janye ta gefe, amma mai ya riga ya ɗiga a kanta. Na leƙa buhun, abin da ya rage bai kai shafi goma ba. Washegari na kai wa wani malami abokinsa, ya duba, ya ce wannan ai shi ne kundin digirinsa na uku, wanda aka yi wa gyara. Na hana shi karanta mini shafin da sunana yake, don tsoro nake ji. Ni da shi mun je jami'ar sau biyu. Malamin nasa ya yi ritaya, ofishin kuma suka ce ba su da komai a ajiye sai sunansa a rajista. Shekara takwas, sunansa kawai suka riƙe. Rashin sani ya fi dare duhu, amma su da suka sani fa?

Na ninke shafukan na ɓoye a ƙasan akwati, ban gaya wa kowa a gida ba. Sai ga shi babbar 'yarsa Nafisa, wadda take da shekara goma sha uku lokacin da aka kashe shi, ta shiga jami'a, kuma Turancin ta zaɓa. Da ta zo hutun nan ta same ni da zancen cewa tana son kundin babanta, ko za ta ɗora daga inda ya tsaya, mahaifiyarta ta ce ni na kwashe ɗakin. Na yi kwana uku ina kewaye-kewaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ciro shafukan na ajiye a gabanta, na faɗa mata komai.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jera su a kan tabarma, ta ɗauki mai ɗigon man nan, ta ce wannan shafin sadaukarwa ne.

Na ce, "Karanta mini da Hausa, Nafisa."

Ta ce, "Baffa, cewa ya yi: ga yayana Salisu, wanda ya bar makaranta don in ci gaba, kuma bai taɓa tambayata amfanin wannan karatu ba."

In aka tambaye ni me ya rage na Hamisu, zan ce shafi tara, da yarinyar da ta tattara su ta sa a jakarta ta ce za ta fara daga farko. Ban hana ta ba, ban kuma tambaye ta amfaninsa ba. Allah Ya jiƙan Hamisu, Ya sa ya huta. Ya tafi yana yi mini zaton da ban cancanta ba, kuma babu sauran hanyar da zan bi in gaya masa gaskiya.