Jirgin Katakon da Baba Ya Yi Soja a Cikinsa

Wata Juma'a ce a cikin sanyin shekarar da aka yi yaƙin Kuwait, ina 'yar shekara tara, Baba ya dawo daga masallaci ya tarar Umma ta ɓoye jakar aikinsa. A unguwar Fereej Abdel Aziz muke zaune a lokacin, a wata ƙasar Larabawa ta bakin teku da ba ta da nisa da Kuwait, cikin wani tsohon gida da muke raba tsakar gidansa da wasu 'yan Sudan, tagogi duk an manne su da salatif saboda tsoron bam. Baba makanikin inji ne a jirgin ruwan da ke kai abinci da kayan aiki rijiyoyin mai na tsakiyar teku, kuma washegari za su tashi. Umma kuwa ta ji a rediyo cewa nakiyoyin da aka dasa a ruwan Kuwait suna tsinkewa, igiyar ruwa tana kwaso su zuwa wajenmu. Ta ce ba inda za shi.

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce in cika masa bahon wanki, ƙanena Sani kuma ya kawo ƙananan ƙwallayensa na roba, da zare, da duwatsu. Ya ɗaure kowace ƙwallo da dutse ya nitsar, ta tsaya a ƙarƙashin ruwa ba ta leƙo ba. Ya ce haka nakiya take zama tana jira. Ranar muka fara jin cewa tun kafin ya auri Umma ya yi sojan ruwa a Legas, a wani jirgi mai share nakiya. Turawan Ingila ne suka ƙera shi a yaƙin duniya na biyu, da katako suka yi jikinsa, domin akwai nakiyar da ke jin ƙarfe kamar maganaɗisu, da ta ji sai ta fashe. Ba ya nitsewa sosai, saboda ya bi ta saman nakiya bai taɓa ta ba. A bayansa yana jan doguwar igiyar ƙarfe mai haƙora, ita ke yanke ɗaurin nakiyar, ta taso sama, a harbe ta da bindiga daga nesa. Silifas ɗina ya mayar jirgi, almakashin ɗinkin Umma ya zama haƙoran.

Ya ce jirgin ya gama share mashigan ruwan Turai, ya tsufa, kafin a ba ƙasarmu. Shi bai taɓa cin karo da nakiyar gaske a cikinsa ba, sai ta atisaye. Yawancin aikinsu bin 'yan fasa-ƙwauri ne a lungunan ruwa, da fitar da ruwan da ke yoyo kowace safiya, ga tangaɗin da har kuku sai ya ɗaure tukunya a kan murhu. A ƙarshe aka ɗaure shi a gaɓa har katakon ya ruɓe.

"Na san kamannin nakiya, Maman Hadiza," in ji shi. "A jirginmu ni kaɗai na sani. In na zauna a gida, wa zai gane ta?"

Umma ta daɗe tana kallon bahon, sannan ta shiga ta ɗauko jakar daga bayan buhun shinkafa.

Kwana goma aka ce za su yi. Muka ci gaba da zuwa makaranta, ina sayo burodi mai zafi wajen mai tanderu na bakin layi, ina share tsakar gida da la'asar. A kan rufin gida mu da 'ya'yan maƙwabta muka ƙirƙiro wasa: a jera gwangwanaye, mutum biyu su ja igiyar shanya, wanda ya taka gwangwani ya mutu. Ranar dawowa ta zo, Baba bai zo ba. Umma ta koma zama kusa da wayar maƙwabciyarmu, har shinkafa ta ƙone mata sau biyu.

Sai bayan kwana biyu ya shigo da azahar, gemu ya fito masa. Yana cin tuwo yana ba mu labari kamar na wani. Da hantsi suka hango wani baƙin abu yana lilo a ruwa, kyaftin ya ɗauka tanki ne ya faɗo wa wani jirgi, ya ce yalla, maza a matsa a ɗauka. Baba ya hawo daga ɗakin inji, ya ga ƙahonnin da ke jikinsa, ya gane nakiya ce, ya sa aka ja da baya. Suka tsaya nesa suna gadinsa, suna korar masunta, har jirgin share nakiya ya iso ya fasa shi, ruwa ya tashi ya fi hasumiyar masallacinmu tsawo. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne, wannan jirgin ma na katako ne. Umma ta ce khalas, ya isa, ta ƙara masa miya.

Yanzu an rushe gidan, dogon bene ne a wurin. Ina aiki a wani kantin magani, kuma idan na bi ta bakin teku sai in ga ruwan kwance, jiragen yawon buɗe ido suna kai da komo, ba mai tunanin abin da ya taɓa yawo a cikinsa. Baba ya koma Yauri, can ya rasu. 'Ya'yana kan tambaye ni aikin kakansu, in bayyana musu ƙirar jirgin tun daga gaba har baya. Sunansa ne kawai ban taɓa tambayar Baba ba.