Ranar da Na Kai Tafireta Kurfi a Ka

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da ranar da na ɗauki tafireta na nufi Kurfi neman aiki. Har gobe in na tuna sai na ji wuyana ya amsa.

A farkon shekarun tamanin ne, lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna. Na gama koyon buga tafireta wurin wata Madam Bayarabiya mai 'yar makaranta a Dutsin-Ma, kuma ba yabon kai ba, hannuna na da gudu. Sai labari ya zo cewa wani ofis a Kurfi yana neman mai buga takardu, mutum ɗaya tak, za a yi gwaji ranar Litinin da ƙarfe tara. Sharaɗin irin na wancan zamanin ne, kowa ya zo da tafiretarsa. Ni kuwa ko allura ban mallaka ba. Na garzaya ƙauyenmu Karofi na faɗa wa Baba. Bai yi wata-wata ba ya fitar da waken da ya ɓoye sai damina, ya sayar, ya ce tare za mu je sayen, don ba zai zauna a cuce ni ba.

Daga nan aka fara kuskure. Baba ya san rago, ya san garma, ya san jaki tun daga haƙori har kofato. Tafireta kuwa ranar suka fara haɗuwa.

Muka je shagon wani Ibo mai gyaran injinan ofis, wanda kowa ke kira Oga. Guda biyu gare shi na sayarwa. Ɗaya ƙarama ce cikin akwatinta, har da maɗauki. Ɗayar kuwa wata shirgegiya ce baƙa da ta gama aiki a wani ofis, kanta, wato sandar nan da ake naɗa takarda mai tafiya hagu da dama, ya kai tsawon hannun mutum.

Oga ya ce, "Baba, in tafiya zai yi, ƙaramar ce daidai. Babbar nan ta tebur ce, inda aka ajiye ta nan take zama."

Baba ya matso gaban tebur. Ya ɗaga ƙaramar da hannu ɗaya, ya jijjiga, ya taɓe baki. Ya koma kan babbar, ya sa hannu biyu, sai da ya yi nishi kafin ta ɗaga daga tebur. Nan take fuskarsa ta washe. Ya bubbuga gefenta yadda yake bubbuga haƙarƙarin ragon layya.

"Wagga ita ce kaya," in ji shi. "Waccan ai ba nama jikinta. In sai da wakena in sayi gwangwani?"

Ba zan ɗora wa Baba laifin duka ba, Allah ya jiƙansa. Na san Oga ya fi mu gaskiya. Amma na riga na hango kaina ina shiga Kurfi da wannan dodo, sauran masu neman aikin suna matsa mini hanya. Har Oga ya miƙo mini igiya, ya ce in ɗaure kan in zan shiga mota. Na ƙi karɓa, wai kada igiya ta ɓata mata kwarjini.

Ranar Litinin da sassafe mai kura ya kai mini ita tasha. Direba ya ce a ɗora ta sama tare da buhuna da awaki. Na ce har abada, na rungume ta a cinya. Aka matse ni tsakanin wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa a hagu da wani Alhaji mai tumbi a dama.

Hanyar kuwa rami ne ke gaida rami. Duk sa'ad da mota ta faɗa ɗaya, sai cikina ya danne maɓallan, kan tafireta ya matsa hagu taku ɗaya. Kaɗan-kaɗan har ya isa haƙarƙarin tsohuwa, ƙararrawa ta ce ƙililin.

"Ɗan nan," ta ce, "injin niƙa za ka kai Kurhi, ko kashe ni anka aiko ka yi?"

Na ce, "Yi haƙuri, Iya." Na tura kan ya koma dama da ƙarfi, ya nutse a tumbin Alhaji. Ya yi salati. Haka muka yi ta yi, in ceci Iya in soki Alhaji, in ceci Alhaji in soki Iya, mota kuwa ta kaure da dariya duk lokacin da ƙararrawa ta buga. A karo na ban san nawa ba Alhaji ya daki jikin mota.

"Direba, tsaya! Ko ni, ko ƙarfen ga!"

Direba ya tsaya. Ya ce mini, "Malam, zaɓi ɗaya. Ta hau sama, ko ku sauka tare. Ga gari can ma ana hange."

Da ina da hankali da na bar ta ta bi awaki. Amma an yi mini dariya, zuciya ta ciwo ni, na ce a sauke ni. Ranar na gane cewa hangen gari daga cikin mota daban, hangensa da kaya a ka daban. Na nannaɗe hulata sabuwa na yi gammo, wani manomi ya taya ni ɗorawa, na ɗaga hannu biyu na riƙe gefe da gefe, na kama hanya. Duk wanda na gamu da shi sai ya ce sannu da kaya, wani ma ya tambaye ni ko ina ɗinkin wando.

Na isa ana raba takardun gwaji. Mutum biyar na tarar zaune, cikinsu har da wata mata da 'yar ƙaramar tafireta irin wadda muka raina, ta buɗe akwatinta tana gyara ɗankwali hankali kwance. Jami'in da ke kula da gwajin ya dube ni, ya dubi kayana.

"Malam, ofishin naka ka kwaso gaba ɗaya?"

Sai da aka haɗa mini tebur biyu. Aka ce a fara. Na ɗora yatsu, sai na ji ba nawa ba ne. Hannuwan da suka daɗe a sama suna riƙe da ƙarfe sun mutu murus. In nufi harafi ɗaya in bugi biyu, ƙarafan su sarƙe, in tsaya ɓamɓarewa, gumi na ɗiga a kan takarda. Gefena kuwa tafiretar matar nan sai ƙara take yi ba tsayawa. Da aka ce lokaci ya cika, layi uku na buga, kuma ko ni ban iya karanta su ba. Ita aka ɗauka, ta kuma cancanta.

Na zagaya bayan ofis na zauna, na yi kuka sosai. Ba aikin kaɗai ya ƙona mini rai ba, waken Baba nake tunawa, da yadda ya fitar da shi ba ko tambaya. Da yamma na koma tasha, na miƙa tafireta aka ɗora ta sama cikin awaki.

Da na je Karofi na ba Baba labari, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ta lalace?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To ka gani."

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Ba ta taɓa lalacewa ba. Na kafa ta a gindin wata bishiya kusa da kotu a Dutsin-Ma, ina buga wa mutane wasiƙu da takardun ƙorafi, da ita na yi aure, da ita na ciyar da 'ya'ya. Amma masu ƙananan tafireta suna bin kasuwannin ƙauye ranar cinsu, suna jin labarin gwaji a wani gari su rataya akwati su tafi, ni ina nan zaune. Ni na yi gadinta shekara da shekaru, ita ta zaɓa mini inda zan tsufa.

Kwanan baya 'yata, wadda ke aiki tana yawan tafiye-tafiye, ta zo tana shawara da ni kan kwamfutar tafi-da-gidanka da za ta saya, mai faffadan gilashi ko ƙarama. Na ce ni ban san kwamfuta ba, amma ta roƙi mai shago ya bar ta ta rataya babbar ta je tasha a ƙafa ta dawo, sannan ta yanke shawara. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Abin da Kurfi ta koya mini ke nan: kafin ka tambayi ƙarfin kayan aiki, tambayi wa zai ɗauka, kuma zuwa ina. Mai sayarwa yana shagonsa, mai ba ka shawara yana gidansa, wuyanka ne kaɗai zai bi ka hanya.