Tayar Oga Ba Ta Bin Baya

Ko da na so in manta da ranar da aka zaɓa mana tayar keke, kafaɗata ta hagu ba za ta bar ni ba. Ku da kuka zo kuka tarar da babura, ku saurara.

A lokacin ina malamin dabbobi a Jalingo, aikina allurar kaji. Wata ƙungiya ta ba ofishinmu kekunan hawan dutse don mu riƙa shiga ƙauyukan da ke hanyar Lau, inda mota ba ta kaiwa. Maganin allurar a cikin kula ake ɗauka da ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke ya tashi aiki. A watan Agustan nan cuta ta shiga kaji, tayoyinmu kuwa duk sun cinye.

Dokar ofis ita ce ba a sayen komai sai kwamiti ya zauna. Aka naɗa mutum uku: darakta Oga Danjuma, mataimakinsa Malam Buba, da Madam Rahila mai kula da sito. Cikinsu babu wanda ya hau keke tun yana firamare. Mu masu hawa aka ce mu tsaya a bakin ƙofa.

Dila ya kawo taya iri uku. Akwai mai santsi, wadda ke gudu a kwalta ba wahala amma ba ta riƙe laka. Akwai mai manyan haƙora, tana kama ƙasa sosai, sai dai tuƙa ta sai ka yi gumi. Ta ukun mai kauri ce, ƙaya ba ta huda ta, nauyi kamar turmi.

Oga ya gangarar da mai santsi a barandar ofis, ta tafi har ɗakin masinja. Ya ce, “Kun gani? Wannan shi ne ci gaba.”

Malam Buba ya shafa mai haƙora ya ce, “Kay, Oga, ko nagge da kofato yake hawa dutse.”

Madam ta sa haƙori ta ciji mai kauri, ta ce ita dai wannan, don ta gaji da sayen faci.

Aka kai la'asar ba wanda ya janye. Da yake a ofishinmu ba a tashi taro wani na fushi, sai aka raba: kowane keke zai sami tayar Oga ɗaya da ta Malam Buba ɗaya, ta Madam a ajiye a sito saboda ko-ta-kwana. Na leƙo na ce, “Ranka ya daɗe, to a sa mai haƙoran a gaba, ita ce ke riƙe kan keke.”

Oga ya cire tabarau. “Yohanna, tun yaushe mataimaki yana shiga gaban darakta? Tayata ba za ta bi bayan kowa ba.”

Washegari na ɗaure kula na kama hanya. A kwalta lafiya lau. Da na zo gangaren farko mai laka, na karya kan keke dama, keken ya ce shi hagu za shi. Na tsinci kaina a gonar shinkafar wata tsohuwa, kula ta buɗe, ƙanƙara ta bi ruwa. Tsohuwar ta ɗaga ni tana tambaya ko ni ne mai allurar da suke jira. Na duƙa ina tsince kwalaben maganin cikin kunya da baƙin ciki, don na san kajinta na kwance.

Kula ɗaya ta rage a firji. Da safe na biya wajen mai faci a unguwar Barade, na ce ya juya mini tayoyin. Ranar keken ya bi laka kamar an ɗora shi a kan layi, na yi wa ƙauye uku allura da sauran ƙanƙarata.

Ina dawowa na tarar da Oga tsaye a bakin get, idonsa a kan tayar baya. Ya ce in ba ni da bayani, gobe a mayar da ita, ni kuma in jira kwiri, wato takardar tuhuma. Ga ƙauyuka da yawa ba a je ba. Sai na hango motarsa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a mota ina kake zama?”

“Baya mana.”

“Wa ke gaba yana shan ƙura?”

“Direba.”

Na ce, “Abin da ya dame ni ke nan. Na ga bai dace tayar darakta ta riƙa share wa ta mataimaki hanya ba.”

Ya zagaya keken sau biyu. Sai ya ƙwala wa masinja kira, ya ce a juya tayoyin duk kekunan yau ɗin nan, kuma a binciko wanda ya sa tayarsa a kujerar direba tun farko.

Kajin yankin suka tsira. Malam Buba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, wai na mayar da shi direba. Tayoyin Madam kuwa har na yi ritaya suna sito, ko ƙwarzane babu, kullum tana nuna wa baƙi ingancin zaɓinta.

Abin da na koya shi ne, taya ɗaya ba ta haɗa riƙo da gudu da ƙarko, dole ka san wadda za ka sa a ina. A aikin gwamnati kuma, kafin ka gyara keke, fara nemo wa Oga wurin zama.