Masan da Muka Gina a Ƙofar Dagaci

Ko ƙasa ta rufe idona, ina jin ba zan manta da ranar da na ɗauki buta a gaban surukina ba.

Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, sai amai da gudawa suka ɓarke a ƙauyukan Roni. Gwamnati ta aiko wa garinmu tallafin siminti da kwano, a gina masai na jama'a. Aka ce in duba-gari ya zo daga Kazaure ya tarar ana amfani da shi, za a ƙara mana da rijiya. Da yake na yi firamare, aka ɗora mini kula da aikin.

Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. In aka sace kwanon fa? Na nace a gina masan a ƙofar dagaci, inda dattawa ke wuni, don ido ya yi masa gadi.

Ido kuwa ya yi gadi. Wa zai ratsa ta gaban ubansa da surukinsa riƙe da buta? Kowa ya ci gaba da bin bayan gari, masai yana nan fes har da yanar gizo.

Ranar da aka hango babur ɗin duba-gari, na ga rijiya tana kuɓuce mana. Na roƙi kowa ya shiga, kowa ya noƙe. Na rufe ido, na suri buta.

Surukina ya ce, "A'a, malam, ina zuwa haka da sauri?"

"Aikin gwamnati, Baba."

Wani tsoho ya ɗaga murya: "To, a sauka lafiya! A gaida hukuma!"

Na shige na rufe ƙofa. Ba na jin fitsari ko bayan gida, amma tsoron yi wa hukuma ƙarya ya hana ni fitowa hakanan. Ina tsugune ina gumi, ina jin duba-gari yana tambaya, dagaci yana cewa, "Ranka ya daɗe, yanzu haka ma akwai mutum a ciki, tun ɗazu."

Mun samu rijiya. Washegari dattawa suka kwashe tabarminsu zuwa gindin tsamiya, mutane suka fara shiga.

Tun ranar na gane, kafin ka tsare wa jama'a kayansu, fara tambaya ko kunya za ta bar su su taɓa.