Furera da Masu Kumburin Kunci

Kafin ƙarfe bakwai Furera Ilyasu ta riga ta buɗe ɗakin haƙori na asibitin da take aiki a Tasawa. Ta share, ta dafa kayan aiki, ta jera benci, sannan ta tsaya bakin ƙofa tana duban masu shigowa. Ba likita ba ce, ita ce mai karɓar marasa lafiya. Shekara ashirin da shida tana wannan tsayuwa, kuma kusan kullum sai ranta ya ɓaci.

Ba mai zuwa da wuri. Sai an cusa kanumfari, an cusa taba, an je wurin wanzami, wani ma ya ɗiga ruwan batir, kunci ya yi kamar an ɓoye goriba a ciki, sannan a tuna da asibiti. In an ba mutum randebu ya dawo bayan mako, da zafin ya lafa shi ke nan, sai baɗi. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe.

Faɗan bai tsaya kan marasa lafiya ba. Wani sabon likita ya taɓa cewa mutanen ƙauye ba su san darajar lokaci ba. Furera ta nuna masa wata mata da ta taho daga Maijirgi a amalanke tun sassafe, ta tuna masa shi sai ƙarfe sha ɗaya ya iso. Ta ce mutum ya bar gonarsa ya yini kan benci, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, a ce masa sai gobe, da wane baki za a zarge shi in bai dawo ba? Daga ranar ta karɓi rabon randebu. Na nesa su fara shiga. Kowane ƙauye ta ba shi ranar da motocinsa ke shigowa gari. Macen da ke jin nauyin buɗe baki gaban namiji, ta tsaya mata a kai har a gama.

Masu kabu-kabu na tasha har yau suna ba da labarin Namadi, wani dattijo manomin wake daga Urafane. Ya zo da haƙorin sama da ya ruɓe, kumburi har ya fara rufe masa ido. Yana kan benci wani ya raɗa masa cewa cire haƙorin sama na makanta mutum, sai ya sulale. Da Furera ta kira sunansa ba amsa, ta bi shi tasha da farar rigar aikinta, ta tarar ya hau babur. Ta riƙe kan babur ɗin.

"Baba, sauko. Ba cirewa ke makanta mutum ba, bari ne. In ka koma gida da wannan, ba da ƙafarka za ka dawo ba."

Ya ce shi dai tsoro yake ji. Ta buɗe bakinta a gaban jama'a ta nuna masa giɓin haƙoranta na sama, ta tambaye shi ko makauniya ce ta hango shi daga ƙofar tasha. Ya sauko. Kwana uku yana kwance ana masa allura kafin a cire, likita ya ce da ya ƙara kwana biyu a gida da zance ya wuce na ido. Ranar randebu ya dawo, ya kuma sha faɗa, don ƙanensa Bawa da ya zo da shi, wata guda ke nan yana fama da haƙori a ɓoye.

Ke ce wannan, Furera, mai faɗa da magani a hannu. Ke ce wadda ta gaji da mu tun tuni amma ba ta taɓa korar ko ɗaya ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ta gargaɗi maƙwabtanta kada wanda ya kawo mata bakinsa gida. Sun ji, sun kuma san ba za ta iya korar kowa ba.

Mun gode, Inna Furera, Allah ya saka da alheri. Wanda zai gaji teburinki, in ya so ya fi ki sanyin baki. Amma kada ya fi ki saurin fid da rai da mutum.